Daga Baltimore zuwa San Diego: Tarihin 'Yan Wasan da Suka Ƙi Miƙewa ga Taken Amurka

A watan Satumba na 1814, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Amurka da Birtaniya, jiragen ruwan Turawan Ingila suka kwana suna luguden wuta a kan sansanin Fort McHenry da ke tsaron mashigar birnin Baltimore. Wani lauya mai suna Francis Scott Key yana tsare cikin wani jirgi a kan ruwa, domin ya je roƙon a saki wani likita da aka kama. Da gari ya waye ya hango tutar Amurka tana nan ba ta sauka ba, sai ya tsara baitoci huɗu, aka ɗora su a kan karin wata tsohuwar waƙar shaƙatawa ta wani kulob na Landan. Waƙar ke nan da daga baya ta zama taken ƙasar Amurka.

Key mai bayi ne, wannan a rubuce yake. Lokacin da ya zama lauyan gwamnati a Washington, ya gurfanar da wani likita, Reuben Crandall, a 1836 saboda an same shi da takardun masu neman a hana bauta, amma kotu ta wanke likitan. A baiti na uku na waƙar, wanda yau ba a rera shi, akwai barazanar mutuwa ga bayi da sojojin haya. Wasu masana tarihi sun ce yana nufin bayin da suka gudu suka shiga rundunar Birtaniya don samun 'yanci, wasu sun ce zagi ne kawai irin na lokacin yaƙi. Key bai bar wani bayani ba, don haka gardamar tana nan.

Waƙar ta daɗe tana yawo ba tare da wani matsayi a doka ba. Shugaba Woodrow Wilson ya ba da umarni a 1916 a riƙa busa ta a bukukuwan soja, sai ranar 3 ga Maris 1931 Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar da ta mai da ita taken ƙasa.

Yadda ta shiga filin wasa kuwa, abin da aka fi faɗa shi ne labarin 5 ga Satumba 1918. A ranar ce ƙungiyoyin besbol na Chicago Cubs da Boston Red Sox suka fara wasan ƙarshe na shekara a Chicago. Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ci, kuma kwana ɗaya kafin nan bam ya tashi a wani ginin gwamnati a birnin ya kashe mutum huɗu. Filin ya yi tsit, sai 'yan badujala suka busa waƙar a lokacin hutu. Wani ɗan wasan Boston, Fred Thomas, wanda sojan ruwa ne da ke hutu, ya ƙame ya sara wa tuta, 'yan kallo suka ɗauki waƙar baki ɗaya. Jaridu sun ba da wannan labari washegari, sai dai ba shi ne farko ba, domin akwai shaidar an busa ta a wani wasa a Brooklyn tun 1862, lokacin yaƙin basasa. Abin da 1918 ta yi shi ne nuna wa masu ƙungiyoyi cewa waƙar tana motsa jama'a. A Yaƙin Duniya na Biyu, da lasifika ta sauƙaƙe abin da a da sai an ɗauko badujala, aka fara sa ta kafin kowane wasa. Yaƙi ya ƙare a 1945, al'adar ta zauna.

Nan ne asalin rikicin. A yawancin ƙasashe, sai ƙasa za ta kara da wata ƙasa ake busa take. A Amurka kuwa, kulob da kulob ma sai an busa, a filin da yake wurin neman abincin ɗan wasa. Magini ko akawun banki ba ya fara aikin safe da tsayawa gaban tuta dubban mutane suna kallonsa, amma ɗan wasa dole ya yi, kuma masu biyansa albashi ne suka shigo da tsarin.

A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ne Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da har gobe ake kafa hujja da shi. 'Ya'yan Shaidun Jehobah sun ƙi sara wa tuta a makarantun gwamnati saboda aƙidarsu, aka kore su. A 1940 kotun ta goyi bayan makaranta, abin da ya biyo baya kuwa shi ne duka da ƙone-ƙonen wuraren ibadarsu a garuruwa da dama. Ranar 14 ga Yuni 1943, a shari'ar Barnette, alƙalai shida cikin tara suka warware wancan hukunci. Mai shari'a Robert Jackson ya rubuta cewa babu wani jami'i, babba ko ƙarami, da ke da ikon tilasta wa ɗan ƙasa furta wata aƙida ta siyasa ko kishin ƙasa ko addini.

Sai dai wannan kariya tana da iyaka. Gyaran farko na kundin tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 1791, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai taɓa kamfani ba. Ko ma'aikacin gwamnati ma ya daɗe ba shi da madafa: a 1892 alƙali Oliver Wendell Holmes na Massachusetts ya ce wa wani ɗan sanda da aka kora, yana da 'yancin maganar siyasa, amma ba shi da wani 'yancin zama ɗan sanda. Sai a 1968 Kotun Ƙoli ta sassauta, a shari'ar wani malamin makaranta a Illinois, Marvin Pickering, da aka sallama don ya rubuta wa jarida wasiƙa yana sukar yadda ake kashe kuɗin makaranta. Ma'aikacin kamfani kuwa, a dukkan jihohi ban da Montana, asalin ƙa'ida ita ce ubangida yana iya sallamarsa a kowane lokaci, muddin ba don launin fata ko addini ko wani dalili da doka ta haramta ba. Abin da ke kare shi sai yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago, da dokar ƙwadago ta 1935 da ta halatta wa ma'aikata haɗa kai a kan yanayin aikinsu, da dokokin wasu jihohi irin su California da Connecticut.

Shekarar 1968 ta zo wa Amurka da jini. An harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, birane sun kama da wuta, yaƙin Biyetnam yana cin samari. Shekara guda kafin nan, ranar 28 ga Afrilu 1967, Muhammad Ali ya ƙi amsa kiran shiga soja a Houston, aka ƙwace kambinsa, aka hana shi dambe fiye da shekara uku, a lokacin da ƙarfinsa ke kan ganiya. Wani malamin jami'a a San Jose, Harry Edwards, ya kafa ƙungiyar 'yan wasa baƙar fata da ke neman a mayar wa Ali kambinsa, a hana Afirka ta Kudu da Rodeshiya shiga gasar Olamfik, a ƙara masu horarwa baƙar fata, a kuma cire Avery Brundage daga shugabancin kwamitin Olamfik na duniya. Brundage shi ne mutumin da ya dage sai Amurka ta je gasar Berlin ta Hitler a 1936. Shirin ƙaurace wa gasar bai yiwu ba, aka bar wa kowa ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi.

Ranar 16 ga Oktoba 1968, a birnin Meziko, Tommie Smith ya ci tseren mita 200 cikin daƙiƙa 19.83, lokacin da ba a taɓa yi ba a duniya. Peter Norman na Ostireliya ya zo na biyu, John Carlos na uku. Smith da Carlos suka hau dandamalin karɓar lamba ba takalmi, da baƙar safa kawai, alamar talaucin baƙar fata. Carlos ya rataya tsakiya a wuya don tunawa da waɗanda aka rataye ba shari'a. Da aka fara busa take, suka sunkuyar da kai, kowannensu ya ɗaga dunƙulallen hannu cikin baƙar safar hannu, Smith na dama, Carlos na hagu. An ce Carlos ya manta tasa safar ce, Norman ya ba su shawarar su raba ta Smith, amma ruwayoyin mutanen uku ba su zo ɗaya ba a kan wannan. Abin da hoto ya tabbatar shi ne Norman, Bature, ya maƙala bajon ƙungiyar Edwards a ƙirjinsa.

Cikin kwana biyu, bisa matsin Brundage, aka dakatar da su aka fitar da su daga masaukin 'yan wasa. Mutane da yawa sun ɗauka an ƙwace lambobinsu, amma ba a ƙwace ba. Abin da aka ƙwace shi ne kwanciyar hankali da hanyar abinci: wasiƙun barazanar kisa suka yi ta zuwa, aiki ya yi wuyar samu, iyalansu suka sha wuya shekara da shekaru. Norman bai je gasar 1972 ba. Danginsa sun ce ramuwa ce, kwamitin Olamfik na ƙasarsa ya ce bai yi nasara a gwajin zaɓe ba ne. Da ya rasu a 2006, Smith da Carlos ne suka ɗauki makararsa, majalisar dokokin Ostireliya kuma ta nemi gafararsa a 2012, shekara shida bayan an binne shi.

A wannan gasa ta Meziko, Vera Caslavska ta Cekoslobakiya ta kawar da kai ta sunkuya lokacin da ake busa taken Tarayyar Sobiyet, wata biyu bayan tankokin Sobiyet sun shiga ƙasarta. Ta koma gida aka hana ta aiki da tafiye-tafiye. Jaridun Yamma sun yaba mata, alhali da yawansu sun yi wa Smith da Carlos tofin Allah tsine a kan abu iri ɗaya.

A 1972 'yan tseren Amurka Vince Matthews da Wayne Collett suka tsaya sakaka suna hira a dandamali a Munich, aka haramta musu Olamfik. A shekarar ce kuma Jackie Robinson, wanda ya fasa shingen wariya a besbol a 1947, kuma tsohon hafsan soja, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa cewa shi kam ba ya iya miƙewa ya rera taken.

Wanda tarihi ya fi yi wa rowar ambato shi ne Mahmoud Abdul-Rauf. An haife shi a 1969 a Gulfport ta jihar Mississippi da sunan Chris Jackson, ya tashi cikin talauci da lalurar jijiya mai sa jiki fizga ba da niyya ba, amma ya zama gwanin jefa ƙwallon kwando da ba a cika samun irinsa ba. Denver Nuggets ta ɗauke shi a 1990. Karanta tarihin Malcolm X ya kai shi ga Musulunci a 1991, ya sauya suna a 1993. A kakar 1995 zuwa 1996 ya riƙa zama a ɗakin sauya kaya ko yana miƙe gaɓoɓi lokacin take, watanni ba wanda ya kula. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya ce tutar alama ce ta zalunci, kuma imaninsa bai bar shi ya tsaya mata ba.

Hukumar ƙwallon kwando ta NBA tana da rubutacciyar doka cewa dole 'yan wasa su tsaya cikin natsuwa. Ranar 12 ga Maris 1996 ta dakatar da shi, kowane wasa zai yi asarar sama da dala 31,000. Musulmi ma sun rabu a kansa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas kuma tauraron Houston Rockets, ya fito ya ce a fahimtarsa Musulunci yana koyar da girmama dokar ƙasar da mutum ke zaune. Bayan wasa ɗaya aka daidaita: zai tsaya, amma zai ɗaga tafukansa yana addu'a. Haka ya yi a Chicago, 'yan kallo suna masa ihu. Bayan 'yan kwanaki, wasu ma'aikatan gidan rediyo suka kutsa wani masallaci a Colorado da takalmansu suna busa taken ana salla.

Shi ne ya fi kowa cin maki a Denver a kakar, duk da haka aka sayar da shi ga Sacramento, aka rage masa lokacin wasa, zuwa 1998 ya tsinci kansa a Turkiyya yana ɗan shekara 29. Ya ɗan dawo Vancouver na kaka ɗaya, gidansa na Mississippi kuma ya ƙone ƙurmus a 2001. Babu takardar kora ko ɗaya a labarinsa, kuma wannan ce hanyar da aka fi bi: waya ce kawai ke daina ƙara.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, filayen wasa suka cika da tutoci masu faɗin fili da jiragen yaƙi masu shawagi. Toni Smith, 'yar wasan ƙwallon kwando a kwalejin Manhattanville, ta juya wa tuta baya a 2003 ana shirin yaƙin Iraƙi. A 2009 hukumar NFL, mai kula da zari-rugar Amurka, ta fara fito da 'yan wasa fili lokacin take a manyan wasannin dare, waɗanda a da suke zaune a ciki. Sannan a 2015 sanatoci biyu na Arizona, John McCain da Jeff Flake, suka fitar da rahoto cewa ma'aikatar tsaro ta biya ƙungiyoyin wasanni kusan dala miliyan 6.8 don shirya bukukuwan karrama soja da 'yan kallo suka ɗauka kyauta ake yi. NFL ta mayar da sama da dala 700,000. Duk mai cewa 'yan wasa ne suka shigo da siyasa fili, ya kamata ya fara duba wannan rahoto.

A watan Yulin 2016 'yan sanda suka harbe Alton Sterling a Baton Rouge, washegari suka harbe Philando Castile a cikin motarsa a Minnesota, duka biyun kuma bidiyo ya yaɗu. Colin Kaepernick, jagoran kai hari na San Francisco 49ers wanda ya kai su wasan ƙarshe a 2013, ya fara zama a benci lokacin take. Sau biyu ba a lura ba. A na uku, ranar 26 ga Agusta, ɗan jarida Steve Wyche ya tambaye shi, ya ce ba zai miƙe yana alfahari da tutar ƙasar da ke danne baƙar fata ba, alhali gawawwaki na kan titi masu kisa suna tafiya hutu da albashinsu. NFL ta ce ana so 'yan wasa su tsaya, amma ba dole ba ne.

Wani tsohon sojan kundumbala, Nate Boyer, ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, ya ce abin ya sosa masa rai amma yana so ya saurara. Kaepernick ya gayyace shi, suka zauna suka tattauna. Boyer ya ce zama yana kama da raini, amma sojoji kan durƙusa a kabarin abokin aikinsu. Ranar 1 ga Satumba 2016 a San Diego, Kaepernick da abokin wasansa Eric Reid suka sa gwiwa ɗaya a ƙasa, Boyer yana tsaye a gefensu da hannu a ƙirji. Bahaushe, wanda ya tashi yana durƙusa wa iyaye da malamai, zai yi mamakin yadda aka fassara wannan da cin mutunci. Amma haka miliyoyin Amurkawa suka ɗauke shi, kuma ba duka ne makirai ba. Iyalan da aka miƙa wa naɗaɗɗiyar tuta a maƙabarta sun ji zafi na gaske, wasu kuma sun ce filin wasa wurin aiki ne, wanda ya karɓi albashi ya bi tsarin gida. Hujjar tana da nauyi. Rauninta shi ne tsarin gidan, a rubuce, bai wajabta tsayuwa ba.

Megan Rapinoe ta ƙwallon ƙafar mata ta bi sahu bayan kwana uku, hukumar ƙwallon ƙafar Amurka ta kafa dokar tilasta tsayuwa a 2017. Kaepernick ya raba dala miliyan ɗaya ga ƙungiyoyin agaji, ya bar San Francisco a Maris 2017 bayan kakar da ƙungiyar ta ci wasa biyu kacal cikin 16. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, ba wadda ta ɗauke shi, alhali ana ɗaukar waɗanda ba su kama ƙafarsa ba.

Ranar 22 ga Satumba 2017, a wani gangami a Huntsville ta Alabama, Shugaba Donald Trump ya ɗura wa masu durƙusawa ashar, ya ce masu ƙungiyoyi su kore su. A ƙarshen makon sama da 'yan wasa 200 suka durƙusa ko suka zauna. Lauyoyi suka shiga muhawara: kamfani yana da ikon hukunta ma'aikacinsa, to idan shugaban ƙasa ne ya tursasa kamfanin fa? Ba a kai wannan tambaya gaban kotu ta yanke ba. Kaepernick ya bi ta hanyar yarjejeniyar ƙwadago, ya shigar da ƙorafi a Oktoba cewa masu ƙungiyoyi sun haɗa baki don hana shi aiki. A Mayu 2018 NFL ta kafa doka ba tare da tuntuɓar ƙungiyar 'yan wasa ba, cewa ko a tsaya ko a zauna a ɗaki, ƙungiyar ta ƙalubalanta, aka jingine dokar kafin kaka ta fara. A Fabrairu 2019 aka sasanta da Kaepernick da Reid a asirce, ba a bayyana shaidun da aka tattara ba.

Yara ma sun shiga ciki, kuma a kansu ne iyakar dokar ta fito fili. A 2017 wata makarantar coci mai zaman kanta a Texas ta cire ɗalibai biyu daga ƙungiyarta nan take saboda sun nuna adawa lokacin busa take, babu abin da doka ta iya yi. A ƙarshen shekarar wata kotun tarayya a California ta hana wata makarantar gwamnati tilasta wa ɗalibinta tsayuwa.

Ranar 25 ga Mayu 2020 ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a Minneapolis. Zanga-zanga ta game duniya. Ranar 5 ga Yuni shugaban NFL, Roger Goodell, ya amsa cewa sun yi kuskure da ba su saurari 'yan wasa ba, amma bai ambaci sunan Kaepernick ba. Hukumar ƙwallon ƙafar Amurka ta soke dokarta, 'yan wasan Firimiyar Ingila suka fara durƙusawa kafin take leda ranar 17 ga Yuni, a wasan Aston Villa da Sheffield United. Ranar 26 ga Agusta, bayan 'yan sanda sun harbi Jacob Blake, 'yan wasan ƙwallon kwando na Milwaukee Bucks suka ƙi fitowa fili gaba ɗaya, wasanni suka tsaya cik. Wannan yajin aiki ne, kuma ba a hukunta kowa ba, domin babu mai iya korar ƙungiya sukutum. Kwamitin Olamfik na duniya ya sassauta dokarsa kafin gasar Tokyo a 2021, amma ya bar haramcin a kan dandamalin karɓar lamba, wurin da Smith da Carlos suka tsaya. Su biyun an shigar da su zauren karramawa na Olamfik na Amurka a 2019, shekara 51 bayan korarsu.

A Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan wani mai durƙusawa a fili, Joseph Kennedy, mai horar da 'yan wasa a wata makarantar gwamnati a Bremerton ta jihar Washington, wanda ya rasa aikinsa saboda yana sa gwiwa a tsakiyar fili yana addu'a bayan wasa. Alƙalai shida cikin tara suka ce an tauye masa haƙƙi, aka mayar da shi bakin aiki, domin gwamnati ce ubangidansa. Kaepernick ma'aikacin kamfani ne. Wasansa na ƙarshe a NFL shi ne na ranar 1 ga Janairu 2017 da Seattle Seahawks, yana ɗan shekara 29, kuma babu ƙungiyar da ta sake ba shi kwantiragi.